Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan zanen fuska da fentin mai

Maraɗi

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji kana so ka koyi zanen fuska da fentin mai idan ka zo hutu, kuma za ka fara da kwaikwayon aikin magabata. Hanyar ke nan, Allah ya yi albarka.

Shawarata ka ɗauki hoton da Velázquez, mai zanen Sifaniya, ya yi wa mataimakinsa Juan de Pareja a Roma a 1650. Yana gidan tarihi na Metropolitan a New York, kuma sun sa shi a intanet kyauta. Fatar mutumin ta yi kusa da tamu, launukan kuma kaɗan ne. Ka buga shi a takarda mai kyau, don hasken waya yana ɓoye inuwa.

Kayan ka sayo su tun daga Yamai: fari, baƙi, ruwan ɗorawa na ƙasa, jan ƙasa, da ƙasa-ƙasa mai duhu. Biyar sun isa. Sai man lin (man da ake dama fenti da shi, wanda yake bushewa), tarabantin (ruwan tsinke fenti), jeso (farin shafin da ake fara yi wa yadi), da burushi huɗu masu taurin gashi. Kada wani ya ce maka man gyaɗa zai maye gurbin man lin. Gyaɗa tamu ce, amma man gyaɗa ba ya bushewa. Bayan wata guda za ka taɓa ka ji danƙo.

Ka ɗaure yadin auduga mai kauri a katako, santimita 40 da 50, ka shafa jeso sau uku. In mai ya taɓa yadin tsirara, sannu a hankali zai cinye zaren. Ka ja layuka gida-gida a takardar da kuma yadin, ka kwashe siffar da gawayi.

Shafin farko launi ɗaya ne, ƙasa-ƙasa mai duhu, a tsinke da tarabantin kamar ruwan shayi. Ka runtse ido kaɗan ka dubi hoton har fuskar ta rabu biyu, haske da inuwa. Inuwar za ka fara sawa: ramin ido, ƙarƙashin hanci, gefen kunci, gemu. Inda haske yake, ka goge da tsumma. Kada ka taɓa ƙwayar ido tukuna. Masu koyo da yawa nan suke faɗuwa, su ƙawata ido a kan kai karkatacce. Ka duba aikin a madubi, karkatar za ta fito fili. Sai ka bar shi kwana biyu.

Daga nan kowane shafi ya fi na ƙarƙashinsa mai. Na biyu, ka tsinke fentin da kashi ɗaya man lin, kashi biyu tarabantin. Na ƙarshe, rabi da rabi. In ka juya tsarin, na sama zai bushe na ƙasa yana motsi, fuskar ta tsage kamar bakin tafki da rani. Inuwa ta zauna siririya, haske ya yi kauri. Ka lura da goshinsa da kan hancinsa: hasken wurin ba fari zalla ba ne, akwai ruwan ɗorawa da ɗan ja a ciki. Farin da yawa yana sa baƙar fata ta yi toka-toka. Farin wuyan rigarsa ma, in ka matso, 'yan taɓe-taɓen burushi ne, bai bi zare ɗaya-ɗaya ba.

Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, ba ta fita. In ka tashi aiki, ka jingina zanen fuskarsa na kallon bango, kada ya taɓa. Ka buɗe taga saboda warin tarabantin. Tsumman da ya sha man lin kuwa kada ka dunƙule shi a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Ka jefa shi a gwangwanin ruwa. Banis, wato man ƙyalli da ake shafa wa zane a ƙarshe don ya kare shi, sai bayan wata shida.

Mahaifiyarka ta share maka ɗakin soro, tagarsa na kallon arewa, haskensa bai cika sauyawa ba. Tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Mahaifinka