Zuwa ga abokan cinikinmu: batun garin gyaran jiki da sinadarin hana ɓaci

Assalamu alaikum iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na Yamai da kewaye.

Tun da damina ta ƙarato, tambaya ɗaya ke ta dawo mana a shago da ta WhatsApp: tunda man shafawar da ake sayarwa a Babbar Kasuwa duk akwai sinadarin hana ɓaci a ciki, me ya sa babu shi a garin lalle, kurkum, ganyen magarya da farar ƙasa da muke haɗa muku? Tambaya ce mai kyau, don jikinku ne, haƙƙinku ne ku sani.

Gaskiya ne ba ma sa shi, kuma ba tsimin kuɗi ba ne. Ƙwayoyin cuta da hunhuna ba sa yaɗuwa sai sun sami ruwa. Masana suna auna ruwan da ƙwayar cuta za ta iya sha a cikin abu da ma'auni daga 0 zuwa 1. Yawancin bakteriya sai ya kai wajen 0.9 suke hayayyafa. Hunhuna ya fi su juriya, wani irinsa na kama abu ko a 0.7, amma ƙasa da 0.6 ba mai iya motsi. Garin da ya bushe ƙayau yana can ƙasa. Ku dubi garin kuka: yana shekara a kwalba lafiya lau, amma miyarsa in ta kwana ba a ɗumama ba, sai zubarwa. Man shafawa kuwa galibi da ruwa ake haɗa shi, shi ya sa dole a sa masa kariya.

Sai dai bushewa ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta, wasu kwantar da su kawai take yi. A 1946, a ƙasar New Zealand, jarirai sun kamu da tetanus, ciwon nan mai sandare jiki, daga hodar da aka barbaɗa musu, alhali busasshiya ce. Don haka ƙarfinmu muna sa shi ne tun daga tushe. Ganye muna wanke shi, mu shanya a inuwa bisa raga, ba a ƙasa bakin hanya ba inda ƙura da awaki ke bi. Farar ƙasa kuwa sai ta sha zafin tanda kafin a niƙa a tankaɗe.

Abin da ya fi damun mu shi ne bayan kayan sun bar hannunmu. Da hunturu ba wata matsala, iskar kanta busarwa take yi. Amma a watan Agusta, lokacin da ko gishiri ke jiƙewa a kicin, garin da aka bari a buɗe yana zuƙar laima, musamman mai garin shinkafa a ciki. Ga wadda ke ajiye roba a makewayi, tana wanka ta miƙa jiƙaƙƙen hannu ta ɗiba. Ɗigon nan da ya faɗa ciki ya isa ya dunƙule garin, hunhuna ya sami wurin zama.

Wata Hajiya ta gaya mana takan kwaɓa na mako guda da nono da zuma ta sa a firji. Hajiya, don Allah a daina. Da zarar ruwa ko nono ya taɓa garin, ya zama abincin ƙwayoyin cuta, ga wuta ba kullum take tsayawa ba balle a dogara da sanyi. Zuma ma da ba ta ɓaci, in aka tsinka ta da ruwa tsami take yi. Kwaɓin da ya lalace ba lallai ya yi wari ba, sai dai a ga ƙuraje a fuska, ko ido ya yi ja. Amare da masu yi musu gyaran jiki, wannan maganar ta fi shafar ku.

Ku kwaɓa iya na lokacin, ragowar a zubar. A ɗiba da busasshen cokali, a rufe gam, a ajiye a ɗaki. In gari ya dunƙule, ko ya sauya launi ko ƙamshi, kada a shafa.

Mu ma a namu ɓangaren, daga wannan daminar za mu riƙa ƙulla garin a ƙananan ledoji na shafawa ɗaya-ɗaya, da ranar niƙa a jiki. Wadda ta buɗe sabuwar leda ta tarar da shi a dunƙule, ta maido mana, za mu canja mata ba tare da ƙarin ko dala ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Masu shagon kayan gyaran jiki, Yamai