Don Allah a rage cunkoson dubiya wajen masu raunin garkuwar jiki

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda muke zuwa dubiya a nan Kano, musamman wajen wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, irin mai ciwon daji da ake yi wa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ko mai HIV da bai riƙe shan magani ba, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, tunda asibitin Malam Aminu Kano suna yin dashen tun 2002 kuma masu shi dole su sha maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwa.

Dubiya akwai lada, ba wanda ya ce a daina. Amma fa a ciko adaidaita biyu da yara, wannan na tari wancan majina na zuba, a cika ɗaki taf kowa sai ya gaisa hannu da hannu, wallahi cutarwa ce. Murar da kai za ka warke cikin sati shi mara lafiyan tana iya sauka masa a huhu sai oksijin. Yaro mai ƙarambau yana yaɗa ta kwana 1 zuwa 2 tun ƙurajen ba su fito ba, ita kuwa ƙyanda ƙwayarta na iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya tafi, to ina amfanin "ai lafiyarsa ƙalau"?

Wani abun ma a jikin mara lafiyan yake kwance. Wanda ya taɓa yin ƙarambau ƙwayar ba ta barinsa, tana laɓe a jijiya, garkuwa na sauka sai ta taso da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Wannan maganinsa irin su acyclovir ne kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, amma sai ka ga an ruga kemis an sayo amfiklos, alhali ƙwayar ƙarambau nau'in bairos ce, shi kuwa amfiklos ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Ga kuma 'yan uwanmu mata masu shan dexamethasone wai don su yi ƙiba, su ma garkuwarsu suke rushewa da kuɗinsu, abin na damuna sosai.

Roƙona ga limamai da gidajen rediyo su riƙa faɗa: mai mura ko zazzaɓi ya yi dubiyarsa ta waya, a bar yara a gida, masu shiga su wanke hannu su sa takunkumi, yaran gidan kuma a kai su rigakafin ƙyanda. In irin wannan mara lafiyan ya yi zazzaɓi ko da tsakar dare ne a wuce asibiti, kar a jira gari ya waye.

Naku,
Mai karatu daga Gwammaja, Kano