Wa zai biya likita bayan kamfani ya tattara ya tafi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan gine-ginen da kamfanonin ƙasashen waje ke yi wa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, wato makarantu da asibitoci da gidaje. Da zarar hoton sabon gini ya fito a Facebook ana yanka ƙyalle, sai ka ga mutanenmu suna ta tafi, wasu har suna cewa Nijar ta yi mana fintinkau. Ni mutumin Daura ne, kuma a aikin asibiti na yi ritaya. A wurinmu Nijar ƙasar waje ce a takarda kawai. Kana fita Kongolam ka faɗa Ɗan Barto, kuma mutanen Matamaye da Magarya da Damagaram surukanmu ne, abokan cinikinmu ne. Majinyacinsu kan kwana a gadon asibitinmu, namu ma kan tsallaka can neman magani. Saboda haka maganar tamu ce.

Ba na musun cewa an yi aiki. Sin ta gina babban asibiti mai gado 500 a Yamai, aka buɗe shi a 2016. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai, ya gina otal, dab da taron Tarayyar Afirka na 2019. Duk wannan ido ya gani.

Sai dai, Malam Edita, a harkar asibiti gini shi ne abu mafi sauƙi. Bulo da siminti da fenti sau ɗaya ake biya. Abin da ke cin kuɗi shi ne albashin likita da nas da ungozoma kowane ƙarshen wata, da man janareta, da iskar oksijin, da sinadaran ɗakin gwaji, da firjin ajiye jini wanda bai san an ɗauke wuta ba. Na sha ganin injin hoto mai tsada lulluɓe da leda shekara da shekaru, don wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma mai gyaransa yana wata nahiya. Makaranta ma haka take: aji goma sha biyu mai rufin kwano sabo, malami biyu. Wannan tamkar a ba talaka kyautar doki ne ba a haɗa masa da harawa ba.

Wanda ke ganin ina tsananta magana ya dubi Arlit. Kamfanonin haƙar yuraniyom da Faransawa ke jagoranta ne suka kafa garuruwan Arlit da Akokan a tsakiyar hamada, arewacin Nijar. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adini a 1971, kamfanin COMINAK a 1978. Sun gina unguwannin ma'aikata, sun ja ruwa da wuta, kowannensu ya yi asibitinsa, kuma ba ma'aikata kaɗai ke zuwa ba, har mutanen gari. An yi kwalta daga Tawa zuwa Arlit don ɗaukar kaya. Shekaru aka yi ana nuna wurin a matsayin shaidar alherin kamfani. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, saboda ma'adinin ramin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Aka shiga miƙa wa gwamnati gidajen da asibitin, wato nauyin da kamfani ke ɗauka da kuɗin yuraniyom ya koma kan baitulmalin da dama can numfashi yake da ƙyar. Aka kuma bar wa garin tsibin turɓayar ma'adini mai guba, tan miliyan 20 ko kusa da haka. Hanyar Tawa kuwa, a tambayi direbobin manyan motoci yadda ta koma.

Akwai wani abu kuma da ya fi damuna a matsayina na ma'aikacin lafiya. Idan kamfanin da ƙurarsa ke shiga huhun mutum shi ne ke biyan albashin likitan da zai duba huhun, wa zai rubuta gaskiyar abin da ya gani? Ƙungiyoyin kare muhalli, Aghirin'man ta Arlit da Greenpeace, sun daɗe suna ƙorafi kan ruwa da ƙura da lafiyar mutanen yankin, kamfanonin yuraniyom ɗin kuma suna musantawa. Ko wane ne mai gaskiya, tsarin kansa bai yi ba. Wanda ake tuhuma bai kamata ya zama shi ke riƙe da katin majinyaci ba.

Sannan mu daina kiran komai kyauta. Kamfani ba ya tsallako teku don Allah da Annabi. Riba ta kawo shi, kuma neman riba ba laifi ba ne. Laifin shi ne a yafe masa harajin shekaru, a sallama masa rijiyar mai ko ramin ma'adini a ɗaki a rufe, sa'an nan ya gina aji shida da ɗakin shan magani a kira makaɗa. Haraji haƙƙi ne da majalisa za ta iya bin diddiginsa, kyauta kuwa ganin dama ce, yau a bayar gobe a hana. Su kansu mahukuntan Yamai sun nuna tsugune ba ta ƙare ba: a Maris 2025 sun kori wasu manyan jami'ai uku ƴan Sin na kamfanonin mai, kan tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa, a Yuni kuma suka mayar da SOMAÏR mallakin gwamnati. Ba na cewa kora da ƙwace su ne magani, don mai jari na gudun inda ba a san gobe ba. Amma da an rubuta sharuɗɗan albashi da horar da ƴan ƙasa ƙarara tun ranar sa hannu, da ba a kai nan ba.

Kada mu ɗauka darasin na Nijar ne kaɗai. A nan Daura, kamfanin CCECC na Sin, mai manyan kwangilolin layin dogo a Najeriya, shi ya gina Jami'ar Sufuri, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019 kan kuɗin da aka ce dala miliyan 50 ne. Mun yi murna, har yanzu muna yi. Amma albashin malamanta da kayan koyarwarta yanzu a wuyan gwamnatin tarayya suke. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka ba Mota-Engil na Fotugal a 2021 kan kusan dala biliyan 2. Ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Duk garin da ya ratsa za a yi masa alkawura.

Roƙona gare ku, ku rage buga hoton ranar buɗewa. Ku tura wakilinku ya koma bayan shekara biyu ko uku, ba tare da sanarwa ba. Ya ƙirga likitocin da ke bakin aiki da dare, ya leƙa ɗakin magani, ya tambayi su wa ke zaune a gidajen da aka ce na talakawa ne da nawa suke biya. Ya nemi takardar yarjejeniya ya ga sakin layin da ya faɗi wanda zai ɗauki nauyin wurin idan kwangila ta ƙare. In an hana shi gani, wannan ma labari ne, ku buga mana. Ya fara da Akokan in hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba Maraɗi da Damagaram ba su da nisa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
Daura, Jihar Katsina.