Zuwa ga aminina, a kan kalmar "literally"

Assalamu alaikum. Malam, ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan Manchesta lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Ka yi mini ƙorafin kalmar nan "literally" da ɗalibanka suke kwasowa a TikTok suna yayyafa maka a aji. Ni ma ta taɓa ɗaure mini kai. Satina na farko a wurin aiki, wata Baturiya ta shigo tana kakkaɓe lema, ta ce ita kam ta "literally" mutu wajen jiran bas. Na dube ta, ga ta tsaye garau, har tana hura shayi. Mu dai abin da aka koya mana, kalmar na nufin abu ya faru a zahiri, ba ƙari ba ragi. Tushenta ma "littera" ne, wato harafi a Latin. To ina gawar?

Ashe gishiri take ƙarawa, irin yadda za ka ce yunwa ta kashe ka alhali kana miƙa hannu cikin kwanon tuwo.

Kada ka ɗora wa yaran zamani laifin duka. Ƙamus ɗin Oxford ya kawo misalin wannan amfani tun daga 1769. A 2013 da mutane suka lura Google ya sa ma'anar a bayaninsa, sai da masu kishin Turanci suka yi ta kumfar baki a jaridu. Abin dariyar, "very" da suke faɗa ba ko ɗar ta bi wannan hanyar: daga tsohon Faransanci "verai" ta fito, ma'anarta gaskiya.

Ni abin ya tuna mini da "wallahi" tamu. Kakana sai magana ta kai maƙura yake furta ta, yau kuwa mai tumatir a 'Yankaba zai rantse sau biyar kafin ku daidaita a kan kwando ɗaya.

Shawarata, ka bar su su yi ta a hira, amma a takardar WAEC su riƙe ma'anar asali. Idan yaro ya rubuta cewa kansa ya "literally" fashe, ka ja masa jan biro, ka tambaye shi wa ya ɗinke.

In ka samu mai zuwa, a taimaka mini da yaji da kilishi. Ka gaida mutanen majalisa.

Naka har kullum.