Namiji ya riƙe muciya, ina abin dariya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu shirya finafinan barkwanci, waɗanda a nan Garwa muke samu wurin masu turi, yaranmu kuma ke kalla a TikTok da YouTube.

Abin da ake yayi yanzu shi ne a juya gida. Mata ta dawo daga kasuwa tana daka tsawa, miji ya ɗaura zani, ya yi goyo, yana tuƙa tuwo yana karairaya. Daga nan sai a gangara zancen shimfiɗa da kalaman da ba za su rubutu a jarida ba. Batsar kowa na kuka da ita. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne, dariyar duk a kan aikinmu na mata take. Ana cusa wa yara cewa babu ƙasƙancin da ya kai namiji ya shiga madafi.

Canza shiga a wasa ba baƙon abu ba ne gare mu. A tashen azumi 'yan mata na yin Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula, ana koya wa amarya zaman aure, ba a tozarta kowa.

Maƙwabcinmu ɗan acaɓa ne. Da aka yi wa matarsa tiyata wajen haihuwa, shi ke ɗebo ruwa, ya dama koko, ya yi wa yara wanka kafin ya fita nema. Sai samarin layi suka laƙaba masa "mijin ta ce", suna kwaikwayon tafiyar da suka gani a waya. Ya koma sai ya turo ƙofa yake hura wuta. Ita kuwa baiwar Allah ta miƙe ta kama aiki ɗinkin bai warke ba, don ta rufa masa asiri. Alhali a Bukhari Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Hukumar tace finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, ikonta bai ƙetaro iyaka ba, balle ya shiga katin waya. Don haka roƙona ga masu shiryawa ne kai tsaye: ku tuna har Kamaru da Cadi ake kallonku. Masu turi na kasuwarmu kuma, don Allah in yaro ya miƙo waya, ku duba abin da kuke loda masa.

Wata uwa,
Rumde Ajiya, Garwa, Kamaru