Godiya ga ma'aikatan gidan tarihin BallinStadt da ke Hambog

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in yi muku godiya a fili, ku ma'aikatan BallinStadt, gidan tarihin masu ƙaura zuwa ƙetare da ke Hambog a Jamus, musamman masu kula da ɓangaren binciken asalin iyali, saboda abin da kuka yi wa surukata da maman yarana ba abin da za a yi shiru a kai ba ne. Da Hausa na rubuta don 'yan uwanmu da ke Jamus da Amurka su san da wurin, babbar 'yata ta ce za ta juya muku shi zuwa Turanci.

Ni Bakano ne mazaunin Milwaukee a jihar Wisconsin, matata kuma Ba'amurkiya ce, ta wajen uwa jininsu na Jamus ne. Mu a gida in ka tambayi tsohuwa asalinku sai ta jero maka kakanni har ka gaji da ji, amma su abin da ya rage musu game da kakan kakan matata bai wuce suna ɗaya da wani tsohon hoto ba, sai kuma "ai daga Jamus ya zo". Wane gari? Babu wanda ya sani. Kuma ba sakaci ba ne, lokacin da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917 Jamusawan can sun ga tsangwama sosai, gidaje da yawa suka bar yin Jamusanci har a cikin ɗaki, wasu suka sauya yadda ake rubuta sunansu, to a nan labarin ya yanke. Surukata ta haura saba'in, ta daɗe tana nema, takardar shigarsa New York da ta samu kuwa ba ta ce komai ba sai "Jamus" kawai.

Da muka zo Hambog muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Veddel, unguwar da gidan tarihin yake, gaskiya ni yawon buɗe ido na ɗauka za mu yi, a ɗau hoto a ci abinci a koma otal. Sai wata ma'aikaciyarku ta ga Mama, wato surukata, zaune gaban kwamfuta tana ta buga suna ba ya fitowa, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ba wanda ya kira ta fa. Ta tambayi shekarun da ake zato ya tafi, ta ce a gwada sunan da wasu haruffa daban tunda yadda Bature ɗan Amurka ke rubuta abin da ya ji ba lallai ya zo ɗaya da na magatakardan Hambog ba. Aka sauya harafi biyu sai ga shi a rajistar fasinjojin jiragen ruwa ta Hambog. Saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, a farkon shekarun 1880, lebura mai aikin yini a gona, zai je New York, kuma a gefe ga sunan ƙauyen da ya baro a yankin Mecklenburg.

Rubutun shafin kuwa wallahi kamar kaza ta yi tono, tsohon salon rubutun hannu ne na Jamusawa da ake ce wa Kurrent wanda ko matasansu na yanzu ba sa iya karantawa. Baiwar Allahn nan ta ƙara girman shafin a allo tana bi da bayan biro layi-layi, nan suna, nan shekaru, nan sana'a, nan inda ya zauna na ƙarshe, tana karantawa tana fassarawa ba gaggawa, Mama ta cire tabarau ta goge ta mayar ta ce a sake karanta mata sunan ƙauyen, aka sake, ta ce a rubuta mata shi a takarda da manyan baƙaƙe.

A bakinta muka ji dalilin da ya sa wannan rajista ke da daraja. Jerin sunayen fasinjojin Hambog ya kama daga 1850 zuwa 1934, mutum wajen miliyan 5, kuma ainihin littattafan suna ajiye a ma'ajiyar takardun gwamnatin Hambog. Na Bremen, wata tashar jiragen ruwa ta Jamus inda ma mutane suka fi bi, yawancinsu babu su, wasu hukuma ce da kanta ta lalata saboda rashin wurin ajiya, wasu suka tafi a yaƙin duniya na biyu. Wato da ta Bremen kakan nan ya bi da mai yiwuwa har yau muna cikin duhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yi mana daɗin baki ba. Mama ta riga ta fara cewa ashe a ɗakunan nan ya kwana, tana nuna gadajen ƙarfe da aka jera, sai ma'aikaciyar ta ce a'a, a hankali cikin ladabi, ɗakunan da Albert Ballin shugaban kamfanin jiragen ruwa na HAPAG ya sa aka gina a Veddel sai 1901 aka buɗe su, shi kuwa ya wuce kusan shekara ashirin kafin nan, lokacin masu tafiya a gidajen saukar baƙi na cikin gari suke kwana suna jiran jirgi. Ta ƙara da cewa ko gine-ginen da muke ciki sake gina su aka yi, gidan tarihin a 2007 ya fara aiki. Haka ma batun Ellis Island, tsibirin da ake tantance baƙi masu shiga New York a da, wanda dangi suka daɗe suna faɗa, ta ce ba ta nan ya shiga ba tunda sai 1892 aka buɗe ta, ta Castle Garden ya shiga, tsohuwar tashar karɓar baƙi a ƙasan Manhattan. Wani wurin da sai su bar tsohuwa da zatonta don ta ji daɗi ta sayi tsaraba, ku ba ku yi haka ba.

Sai kuma tambayar da yarana suka dame mu da ita, me ya kore shi. Ta ce takarda ba ta rubuta dalili, amma ta ba mu hoton yadda Mecklenburg take a lokacin, ƙasa ce ta manyan masu gandu, sai 1820 aka soke ɗaure talaka ga gonar ubangidansa, kuma ko bayan nan lebura bai da fili nasa bai da ranar samu, ga wasiƙu na zuwa daga waɗanda suka riga suka tafi suna cewa akwai ƙasar noma a Amurka. A 1882 kaɗai Jamusawa wajen 250,000 ne suka shiga Amurka. Na tsaya gaban kwaikwayon ɗakin ƙasan jirgi inda talakawa ke cunkushe kusan mako biyu a kan teku, na tuna ni da na zo a jirgin sama ina ta ƙorafin kujera ta matse ni, ban ce komai ba dai.

Kafin mu tashi ta rubuta mana inda za mu dosa. Ta ce kada mu ɓata lokaci neman takardar haihuwa ta gwamnati domin sai 1876 aka fara irin wannan rajista a duk faɗin Jamus, littafin cocin ƙauyen za mu nema, sannan mu duba ƙidayar jama'ar Mecklenburg-Schwerin, wani ɓangare na Mecklenburg, ta 1867. Da muka koma gida matata ta duba, ta same shi yana yaro a gidan ubansa tare da 'yan uwa mata biyu da ba wanda ya taɓa jin labarinsu. Yanzu Mama ta kafe sai an gano ko su ma sun haye ko can suka yi aure, har ta fara maganar tikitin baɗi.

Ban ambaci sunan ma'aikaciyar a nan ba saboda ban nemi izininta ba, amma ku shugabanni kun san masu zama a ɗakin nan, don Allah ku isar mata da gaisuwarmu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa wurin albarka.

Naku,
Wani Bakano da iyalinsa, daga Milwaukee