Amsa ga tambayarki kan shuke-shuken makamashi masu daɗewa a gona

Assalamu alaikum, Malama.

A bainar jama'a kika yi tambayarki, shi ya sa na ga ya dace amsar ma ta fito fili. Cewa kika yi: shuke-shuken nan da ake dasawa sau ɗaya, a yi shekaru ana yankansu don samar da wutar lantarki ko man mota, da gaske suna gyara muhalli, ko wata sabuwar ɓarna ce aka yi wa kwalliya? Amsata ta rataya ne a kan abu guda: me ke kan ƙasar kafin a kawo su?

Bari in fara da alherinsu, domin yana da yawa kuma ina ganin ba a faɗinsa yadda ya kamata. Doguwar ciyawar miskantus da ake nomawa a Ingila da wasu ƙasashen Turai takan kai shekara 15 zuwa 20 ba a sake shuka ta ba. Itacen wilo da ake dasawa a Suwidin, duk shekara 3 ko 4 ake sare shi, ya sake tohowa daga kututture. Ciyawar suwicgiras ta filayen Arewacin Amurka kuwa saiwarta kan nutse mita 2 ko fiye. Duk tsawon wannan lokaci garma ba ta shiga gonar. Ƙasar da ba a yi wa kaftu ba tana nan kwance, ruwan sama da iska ba sa kwashe ta, saiwoyin da suka mutu su ruɓe a ciki su bar kabon, sinadarin da ke ɗumama duniya idan ya tashi sama, a binne.

Akwai kuma wata hikima da Allah ya yi wa waɗannan ciyayi. Idan sanyi ya gabato, sukan janye sinadarin naitirojin daga ganye su mayar da shi cikin saiwa. Manomin da ya yi haƙuri har ƙarshen hunturu busasshen kara kawai zai yanka, abincin shukar na nan a ƙasa yana jiran baɗi. Don haka takin zamanin da suke buƙata kaɗan ne idan an kwatanta da masara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Takin da ke tsiyaya daga gonakin masara zuwa kogin Misisipi na cikin manyan dalilan da ke sa wani yanki na Tekun Meziko ya rasa iskar shaƙa duk bazara, kifi ya gudu ko ya mutu. Idan gonar da garma ta gajiyar aka mayar ta irin wannan ciyawa, ƙasa ta huta, ruwa ya tsarkaka, tsuntsaye su sami mafaka.

To, sai dai ba nan ake tsayawa ba. A shekarar 2008 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da ya auna abin da aka kira bashin kabon, wato kabon ɗin da ke tashi sama bayan an share daji don a dasa shukar mai. Idan kurmi aka sare aka dasa kwakwar manja, sai an yi kimanin shekara 86 kafin kabon da man ke ragewa ta hanyar maye gurbin dizal ya biya bashin. Idan kurmin na kan fadama mai tarin ruɓaɓɓen ganye ne, irin na Indonesiya da Malesiya, bashin ya haura shekara 400. Kwakwar manja ma ai shuka ce mai daɗewa, amma daɗewarta ba ta wanke laifin ba. An gudu gara, an faɗa gidan zago. Daga baya Tarayyar Turai ta yanke cewa zuwa 2030 za ta daina ƙirga man manja cikin makamashinta mai sabuntuwa.

Ko da ba a sare daji kai tsaye ba, idan gonar abinci aka ƙwace, mutane ba za su daina ci ba. Wani zai share daji a wani wuri ya cike giɓin, ɓarnar ta koma inda ba mai lissafa ta.

Masu tallata shuke-shuken sukan ce ai a ƙasar da ba ta da amfani za a dasa. Wannan maganar ce ta fi damuna. Da ita aka tallata bini-da-zugu bayan shekarar 2000, Indiya ma ta ɗora shirinta na man dizal a kansa a 2003. Aka ce yana rayuwa a busasshiyar ƙasa, kuma gaskiya ne yana rayuwa, amma 'ya'yan kirki sai ya sami ruwa da taki. Gonaki da yawa aka yi watsi da su. Filin da taswira ta nuna ba kowa a kai kuwa, sau da yawa makiyaya na kiwo a cikinsa, mata na samun itace da ganyen magani, kuma ba a tambaye su ba.

Sauran abu biyu. Shuka mai saurin girma mai shan ruwa ce: a Afirka ta Kudu dokar ruwa ta 1998 ta wajabta neman lasisi kafin a kafa gandun itatuwa irin su turare, saboda suna rage ruwan rafuka. Sannan halayen da ake so a shukar makamashi, wato juriya da saurin yaɗuwa, su ne halayen muguwar ciyawa. Wani ƙaton kara da ake kira arundo ya riga ya mamaye bakin koguna a Kalifoniya da Tekzas. Irin miskantus da aka fi nomawa ba ya yin iri mai tsirowa, shi ya sa hankali ya fi kwanciya da shi.

Saboda haka idan aka kawo miki irin wannan shiri, ki nemi a nuna miki filin da idonki. Ki tambayi abin da ke tsiro a kai yau, wanda ke cin moriyarsa, da inda ruwan zai fito. Idan gajiyayyiyar gona ce ko gangaren da zaizaya ta cinye, ina goyon baya da zuciya ɗaya. Idan kurmi ne, ko fadama, ko makiyaya, ba na goyon baya ko da wace irin shuka ce.

Wassalam.